Ranar Da Na Rufe Wa Alhaji Ido a Illela

Mun tashi da asuba daga Kano, ana sallame sallah muka kama hanya, ni da abokin sana'ata wanda ke riƙe mini waya idan ina ɗaukar bidiyo, sai direbanmu. A bayan mota akwai kwali da na naɗe da bargo kamar jariri, a cikinsa kuwa gilasan VR ne, na'urar nan da ake ɗaurawa a ido mutum ya ga kansa a wata duniya, ko ƙasan teku ko saman dutse, duk inda ya juya kai ya ga abu kamar yana wurin. Waɗanda suka daɗe suna bibiyata a shafina sun san yadda na cika musu kunne da ita. Na sha faɗa cewa abu biyu kawai ya rage ta shiga kowane gida: hoton ya ƙara fitowa tar, kuɗin ya sauko. Da wannan ra'ayin na bar gida, kuma da ƙarfin gwiwa na bar shi.

Dalilin tafiyar wani Alhaji ne a Illela da ya daɗe yana sarin wayoyi a wurina yana tura su Nijar. Shi ya ce in kawo abin a gwada ranar kasuwarsu, domin kayan da ya karɓu a Illela ya karɓu a Konni ta ƙetaren iyaka, daga nan kuma sai inda mota ta tsaya. Na riga na fara hango kaina a matsayin wanda ya buɗe wannan ƙofa.

A Funtuwa muka karya da ƙosai da koko. Mai ƙosan tana ƙirga mana shi ɗaya bayan ɗaya da tsinke, kowane guda bai wuce kan babban yatsa ba, direbanmu ya tambaye ta ko wake ne ya yi tsada ko hannunta ne ya ƙanƙance. Ta ce duka biyun. Daga Tsafe zuwa Gusau hira ta mutu a motar, kowa ya san dalili, sai motsin leɓe kawai kake gani. A wani shinge jami'i ya sa aka buɗe kwalin, ya ɗaga gilashi ɗaya ya jujjuya, ya tambaya ko na masu walda ne. Na fara yi masa bayani dalla-dalla, abokina ya taka mini ƙafa ya ce eh, kusan haka ne, aka sallame mu.

Mun shiga Sakkwato da la'asar, rana tana nan da sauran ƙarfinta. Bazarar Kano wasa ce, na yarda. Ruwan leda da muka saya da sanyinsa, kafin mu kai masauki ya zama na haɗa shayi. A nan muka kwana, da sassafe muka miƙe arewa ta Kware da Gwadabawa. Hanyar cike take da manyan motoci na albasa da na shanu, ga masu babura sun ɗaure jarkoki har ba ka ganin mai tuƙin. Warin albasa ya raka mu har cikin gari.

Ban taɓa ganin Illela ranar kasuwa ba sai wannan karon. Raƙuma a gefe, shanu a gefe, masu canji zaune da damman naira da sefa a gabansu ko a jikinsu. Kana jin Hausa iri biyu a rumfa ɗaya, ta nan da ta ƙetare, wani ya jefo kalmar Faransanci a tsakiya ba wanda ya ɗaga kai. Na sayi dogon burodin nan na Nijar mai taurin baya, na sha fura da nonon da ban tuna rabon da in sha irinsa ba. Alhaji ya tarbe mu da fara'a a ƙofar shagonsa. Dattijo ne mai jiki, mai tsafta, farar shadda da hula zanna, irin mutanen da ko dariya suke yi ba ta wuce iyaka. Ya sa aka fito mana da tebur da benci a gaban shagon.

Kafin hantsi jama'a sun taru. Ba wanda ya kira abin da sunansa, wani mai sayar da igiya ya raɗa masa akwatin ido, sunan kuma ya zauna. A nan na fara karɓar darasi, sai dai ban san darasi nake karɓa ba. Na yi zaton za a tambaye ni kyan hoto. Ba wanda ya tambaya. Tambayar farko ita ce yadda za a yi da hula, don maɗaurin ba ya zama sai an tuɓe ta, magidanta da yawa kuma suka ce su dai a bar su da kallon masu kallo. Wanda ya yarda ya sa, idan ya cire sai soson da ke taɓa fuska ya jiƙe sharkaf da gumi, na bayansa ya duba ya ce ya fasa. Wani Bafulatani ya sa, na jefa shi saman wani dogon gini, ya riƙe bencin da hannu biyu, da ya cire ya zauna shiru yana jiran jiri ya sake shi, sannan ya tambaye ni ko mutane da kuɗinsu suke sayen wannan wahala. Mai furar da na saya a wurinta ta ce ita ba ta son teku ba ta son dutse, in dai zai nuna mata 'yarta da ke aure a Agadas tana zaune a tsakar gidanta, to a yi mata ciniki. Da na faɗi farashin, wani ya ce da wannan ai gara rago, ko ba komai ana cin rago. Batirin kuma zafi ya sa yana zuƙewa kamar ana tsotsa.

Duk wannan ina ta murmushi ina cewa a raina mutanen ƙauye ne, za su waye. Abin da nake jira shi ne Alhaji. Idan na samu bidiyonsa yana sanye da gilashin yana jin daɗi, na san sauran 'yan kasuwa za su biyo.

Bayan azahar ya kira ni gefe ya ce zai gwada, amma ba a waje ba. Ba zai tuɓe hula a gaban kasuwa ba. Muka shiga cikin shagon, ni da shi da abokina, aka turo ƙofa aka bar ta a ɗan buɗe don iska. Ya cire hular ya ɗora kan kwali, na ɗaura masa gilashin. Abu biyu na yi a nan da hannuna, kuma gara in faɗe su yadda suke. Na'urar tana da wata hanya da mai sanye da ita zai riƙa ganin ɗakin da yake ciki, na kashe ta don kada ta rage armashi. Sannan na ɗauko manyan abin sauraron nan masu rufe kunne ruf na ɗora masa, saboda hayaniyar kasuwa. Na sa masa ƙasan teku. Abokina ya fara ɗauka.

Abin ya yi kyau fiye da yadda na zata. Alhaji ya miƙe tsaye yana juyi a hankali, yana miƙa hannu zai taɓa kifi, yana dariya irin wadda na tabbata iyalinsa ma sun daɗe ba su ji ba. Fuskarsa tana kallon ƙofa. Daidai lokacin wani tsoho ya tsaya a bakin ƙofar ya yi sallama. Siriri ne, da malfa, rigarsa ta sha wanki har launinta ya gudu, ƙafarsa duk ƙura, yana riƙe da ɗan ƙunshi a ganye. Na dube shi sau ɗaya na yanke hukunci: mai neman taimako ne, ko mai tallan wani abu. Ban amsa ba, don kada muryata ta shiga bidiyon. Ya sake sallama, ya ɗan ɗaga murya. Alhaji yana ta dariya yana kaɗa hannu a iska. Sai na ɗora yatsa a baki, na yi wa tsohon alama da bayan hannu ya matsa gefe, yana tare mana haske. Ya dube ni. Ya dubi Alhaji. Ya yi sallama ta uku a hankali, ya ɗan jira, ya juya ya tafi. Har ga Allah daɗi na ji da ya tafi.

Ba a jima ba maƙwabcin shagon, wani mai sayar da atamfa, ya shigo da sauri ko takalmi bai tsaya cirewa ba. Ashe ya hango komai daga rumfarsa, ciniki ya riƙe shi.

"Kai baƙo, ka san wa kak kora?"

Na ce ban sani ba.

"Yayan Alhaji na. Uwa ɗaya uba ɗaya."

Shi ya kai hannu ya zare abin kunnen daga kan Alhaji. A tsaye a wurin na ji sauran labarin daga bakin mai atamfar. Tun rabon gadon mahaifinsu magana ta shiga tsakanin 'yan'uwan biyu a kan wata gona a Araba, garinsu inda yayan ke zaune, shekaru ba mai taka ƙofar wani. Dangi sun yi ta kai da kawowa, har a ƙarshe babban ya ce shi zai zo da ƙafarsa wata ranar kasuwa, bai faɗi wacce ba. Duk wanda ya san mutanenmu ya san nauyin wannan, a ce babba ne zai taso ya zo wurin ƙaraminsa. Ƙunshin da na gani a hannunsa goro ne. Ya zo, ya yi sallama uku kamar yadda addini ya koyar, ya ga ƙanensa yana fuskantarsa yana dariya, ya ga wani baƙo yana kora shi da hannu, ya koma.

Na so Alhaji ya yi mini faɗa. Bai yi ba. Ya ɗauki hularsa ya sa, ya gyara mata zama, ya zauna a kan kwalin. Ya tura mai babur tasha, aka dawo aka ce motar Araba ta tashi. Ya kira waya, ba a ɗauka ba. Da na durƙusa na fara ba shi haƙuri sai ya ɗaga mini hannu.

"Tashi, ɗana. Ba kai kas sa ni dole ba, ni nar ruhe idona."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Da yamma aka aiko mana da tuwo da miyar kuka da naman kaza daga gidansa, kamar ba abin da ya faru, na zauna ina kallon kwanon na kasa kai loma. Alhaji ya ce da safe zai tafi Araba, mu mu kama hanyarmu kada rana ta yi mana. Na ce ba inda za ni sai na bi shi. Ya ce to.

Hanyar Araba ba ta da nisa, amma ban taɓa jin tafiya ta yi mini tsawo haka ba. Gonaki ne hagu da dama, an kwashe albasa an jibge ta a rumfunan kara, wasu manoma suna ta gyaran gona tun kafin ruwa ya sauka. Na ɗauko gilashi ɗaya na riƙe a cinya. Dabarata ita ce in sa wa tsohon ya gani da idonsa cewa wanda ke ciki ba ya gani ba ya ji, shi ke nan magana ta ƙare. Har a lokacin ina ganin na'ura ce za ta gyara abin da na ɓata.

Mun sami tsohon a ƙofar gida, zaune a kan buzu a inuwar bedi, wato darbejiya, yana gyaran ƙotar fartanya. Tun daga nesa Alhaji ya tuɓe takalmi. Mutumin da jiya na ga 'yan kasuwa suna rusuna masa, shi ne ya taka ƙasa mai zafi da farar shaddarsa ya je ya tsuguna ya yi sallama. Tsohon bai ɗago ba. Ya ci gaba da abin da yake yi. Sannan ya amsa, cikakkiyar amsa har da wa barakatuhu, ya sa aka kawo tabarma da ruwa.

Alhaji ya yi bayani, kansa a ƙasa, yana cewa Yaya kaza, Yaya kaza. Da na ga ya kai ƙarshe sai na matso na miƙa gilashin da hannu biyu, na ce Baba, da za ka ɗan sa ka gani, wallahi wanda ke ciki ba ya sanin abin da ke waje. Ko kallon abin bai yi ba.

"Aje abinka. Tun jiya anka hwaɗa mani shi bai gan ni ba, kuma na yarda." Ya juyo ya dube ni sosai. "Amma kai ka gan ni."

Na ce haka ne, Baba, na yi kuskure, a yafe mini.

"Na yahe. Tambaya ɗai nika yi maka. Da mota ta aje ni, ina sanye da babbar riga, kana yi mani haka da hannu?"

Ya kwaikwayi yadda na yi, da bayan hannu, sau biyu. Ban san haka abin yake da muni ba sai da na gan shi a hannun wani. Amsar gaskiya ita ce a'a, shi ya sani, ni na sani, Alhaji ma ya sani. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona, na ƙura wa tabarma ido kamar mai neman allura.

Bai ƙara bi ta kaina ba. Suka shiga maganarsu, na ja jiki na koma wajen mota. Daga baya Alhaji ya gaya mini yadda aka tsaya: yayan ya ce maganar gona ta wuce, amma shi ya yi zuwansa, ba zai sake taka Illela don wannan ba, wanda ke son ganinsa ya san hanyar Araba. Alhaji ya ce ya karɓa, duk Juma'a zai zo. Goron kuwa tun a tasha tsohon ya rabar da shi. An shirya, alhamdu lillahi, sai dai ba irin shirin da tsohon ya taso da niyyarsa ba. Ya so ya ba ƙanensa girma a gaban kasuwa, na mayar da abin ya zama ƙanen ne ya zo roƙo. Da za mu tafi tsohon ya sa aka saka mana buhun albasa a mota, ya ce a kai wa iyali. Na rasa yadda zan ƙi, na rasa yadda zan karɓa.

Alhaji bai sari gilashi ko ɗaya ba, ni ma ban tayar da maganar ba. Muka yi sallama a Illela, ya ce odar wayoyi tana nan yadda take. Mun sake kwana a Sakkwato, washegari muka kamo hanyar gida, motar tana warin albasa, kwalina a naɗe a bargonsa yadda ya zo.

Ga masu tambayata ko na'urar nan za ta karɓu, ga abin da na dawo da shi, kuma ya saɓa wa abin da na daɗe ina faɗa muku. Kyan hoto ba shi ne matsalar ba, wanda ake da shi ma ya isa ya sa dattijo dariya. Kuɗi matsala ne, amma mutanenmu suna sayen waya mai irin tsadarta idan sun ga amfaninta. Masu ƙera ta sun yi ta ne don mutumin da ke zaune shi kaɗai a ɗaki ya kulle ƙofa, mu kuwa ba mu da wannan mutumin. Shagonmu a buɗe yake, zaurenmu a buɗe, kowane lokaci wani zai iya tsayawa a bakin ƙofa, kuma yana da haƙƙi a kanka. Ranar da aka yi wadda ba ta da nauyi, ba ta tara gumi, ta zauna da hula, wadda za a ce da mai fura ga 'yarki a Agadas ku gaisa, wadda kuma da an yi sallama za ta buɗe wa mai ita ido ba sai wani ya ga dama ba, ranar za ta shiga kasuwar Illela da ƙafarta. Kafin nan, duk wanda ya ɗaura wa mutum ita ya sani ya karɓi amanar idonsa da kunnensa. Ni an ba ni wannan amana na ɗan lokaci kaɗan, kun ji yadda na yi da ita.

Mun wuce Tsafe, hankali ya ɗan kwanta, abokina ya miƙo mini waya ya ce in duba bidiyon kafin ya goge, don ya san ba zan sa shi a shafina ba. Na kunna. Ga Alhaji yana kamun kifi, ga inuwar malfa a bakin ƙofa, ga hannuna ya shigo ta gefe yana kora. Muryar tsohon ta fito sarai, ba hayaniyar da ta danne ta. Da ya yi ta ukun, wadda ya yi a hankali, sai na ji bakina ya ce wa alaikumus salam. Direba ya waiwayo ya tambaya da wa nake. Na ce ya dubi hanya.